Nonon da Armiya'u Ya Ɗura wa Ƙanensa

Armiya'u mutum ne da bai iya tsayawa kallo ba. Ko akuya ce ta maƙale a shinge, shi ne farkon zuwa. To balle ƙanensa Sirajo, wanda babur ya kayar ranar kasuwar Shinkafi, ya kwanta a bakin hanya ko motsi ba ya yi.

Mutane suka yi cirko-cirko suna salati. Armiya'u ya karɓi ƙwaryar nono a hannun wata Bafillatana, ya ɗora kan Sirajo a cinyarsa, ya toshe masa hanci ya yi masa ɗura, kamar yadda ya ga ana yi wa wanda ya suma tun yana yaro. Sirajo ya ƙware, ya yi amai, ya yi tari har idanunsa suka yi ja, sannan ya farfaɗo. Nan fa aka yi ta sa wa Armiya'u albarka. Da suka koma garinsu Galadi ma labarin ya riga su isa, kuma shi gogan bai gaji da maimaita shi ba.

Kwana biyu Sirajo ya soma haki kamar wanda ya yi gudu, alhali yana zaune. A rana ta uku leɓɓansa suka yi duhu, magana ta gagare shi sai guntu-guntu. Aka sa shi tsakiya a kan babur, Armiya'u na riƙe da shi ta baya, har wani asibiti a Ƙaura Namoda.

Likitar, wata mai suna Saudat, ta sa masa iskar oksijin, ta ɗauki hoton ƙirjinsa, ta kira Armiya'u gefe. Ta ɗaga hoton: wurin da ya kamata ya yi baƙi duk ya yi fari.

"Malam, huhu kamar soso yake, da 'yan ramuka inda iska ke shiga jini. Nashi ya kumbura, ruwa na tsattsafowa daga jikinsa yana cika ramukan. Yana jan iska, amma ba ta kaiwa. Da ya faɗi, an ba shi wani abu ta baki?"

Armiya'u ya gyara tsayuwa. "Nono nib ba shi, likita. Da shi yat tashi."

Ta sauke hoton.

"Wanda ya suma ba ya iya haɗiya," ta ce a hankali. "Nonon da aman sun bi hanyar iska."

"To a zuƙe shi mana! Ba ku da abin zuƙewa?"

"Nonon ya daɗe da wucewa. Ɓarnar da ya bari muke fama da ita."

Ta ce akwai na'urar da ke yi wa mutum numfashi har huhunsa ya huce, amma ba su da ita. Ta buga waya manyan asibitocin birni biyu, duk gadajen da mutane. Ko da an samu ma, tukunyar iskar da za su iya ba shi ba lallai ta kai shi ba. Abin da ya rage shi ne magani, da kwantar da shi rub-da-ciki, da addu'a.

Armiya'u ya fita ya zauna a gindin wata bishiyar bedi. Baƙin ciki irin wannan bai taɓa saninsa ba. Ya so ya sami wanda zai zaga, mai babur ko hanya ko likitar, ya duba ya rasa.

Bayan la'asar aka ce Sirajo na nemansa. Ya tarar da shi a kife, robar iska a fuska, bayansa na ɗagawa da sauri. Sirajo ya laluba ya kama hannun wansa, ya janye robar kaɗan.

"Yaya... ina jin... suman nan... na dawowa."

"Yi shiru, mai da abin ga."

"In na tahi... kak ka jira su... ka ba ni nono... kamar rannan."

Armiya'u ya buɗe baki zai faɗa masa gaskiya. Ya dubi yadda yaron ke kallonsa, da dukkan yardar duniya a idanunsa. Ya mayar masa da robar a hanci.

"To," ya ce. "Ina nan."