Bishiyoyin da Suka Bi Mai Lambu

An ce kwamfuta ba ta mantuwa. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin ta zubar da bishiya ɗari huɗu da sha biyu cikin ƙiftawar ido ba.

Ranar Alhamis da rana tsaka, Auta na zaune a ofishin lambun gari, fanka na juyawa kamar mai gyangyaɗi, ita kuwa ta zuba wa allon kwamfuta ido. Jerin bishiyoyi ya zama fili fetal.

"Ni fa sunan Baba kawai na cire," in ji Dogo, magatakardan ofishin, yana sosa ƙeya. "Wata biyar da rasuwarsa, yana nan cikin jerin ma'aikata, aka ce in gyara. Ko ganye ɗaya ban taɓa ba."

"Na sani, Dogo. Ba kai ba ne."

Ita ce. Mahaifinta ya yi shekara talatin da takwas yana dashe a lambun nan, ita kuma ta rubuta wa ofishin manhajar lissafa bishiyoyi. A cikin manhajarta Baba mutum ne guda, da sunansa da bishiyoyinsa a jikinsa. Shi kuwa rumbun bayanai bai san mutum ba, layi da gida-gida kawai ya sani. Don haka ta sa wata manhaja ta kyauta a tsakani, wadda baƙi daga ko'ina suka haɗa hannu suka rubuta, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. Auta na ce mata tafinta. Ka miƙa mata mutum, ta warware shi ta zuba a gidaje. Ka kira shi, ta haɗo maka shi sumul.

Littattafan sana'ar duk bakinsu ɗaya: kada a bar marayu a rumbu. In an goge layi, duk abin da ke rataye da shi ya bi shi. Auta ta karanta, ta gyaɗa kai, ta faɗa wa tafinta haka a jimla guda. Ba ta tsaya ta tambayi kanta ba ko bishiya na bin wanda ya dasa ta.

"Kwafin ajiya fa?" ta ce.

Dogo ya dubi fanka. Ashe kowa a ofishin ya ɗauka wani ne ke yi.

Ran Litinin masu faɗaɗa titi za su zo da jan fenti. Duk bishiyar da rajista ba ta nuna ta haura shekara ashirin ba, a shafa mata, zarto ya biyo baya. Lambobi na nan a jikin bishiyoyin kan guntayen ƙarfe, amma shekarun dashe sun tafi tare da Baba.

Ta kifa kai a tebur. Zafi ya lulluɓe ta, barci ya sace ta, sai ga ta a wani dogon zaure mai durowa ko'ina, daga ƙasa har rufi. A wannan sunan Baba, a waccan tarinsa, a wata tafin hannunsa mai kaushi. Can ƙarshen zauren ta hango shi yana tafiya da butar ban-ruwa, bai waiwayo ba. Bayansa mangwaro ya zare saiwarsa a hankali, ya kakkaɓe ƙasa, ya bi shi. Tsamiya ta bi. Lemo da gwaiba suka jeru kamar yara an tashi makaranta, inuwarsu na jan ƙafa a baya. Ta buɗe baki ta kira su, ganye ya cika mata baki.

Da ta faɗa wa mahaifiyarta abin da ya faru da yamma, tsohuwar ba ta ko ajiye ɗinkinta ba.

"Wato kin yi wa ubanki rakiya da itatuwa. Digiri biyu ke nan?"

"Mama, littafi ne ya ce..."

"Littafi ya taɓa binne miji? Shi ya tafi, ni kin ga na bi shi? Miƙo min takalmina."

Kwana uku suka yi suna zaga lambun, Auta riƙe da kwamfutar hannu, Mama riƙe da gwiwarta. Ba ta san shekara da lamba ba, amma ta san abin da ya faru. Sai ta dafa bishiya ta lumshe ido.

"Wannan, yayanki na haƙori. Waɗannan shidan, shekarar da rufi ya zubo mana. Wannan mai karkacewar, mun yi faɗa da ubanki, ya kwana biyu bai ci abincina ba, shi ya sa ta fito a murɗe kamar shi."

Auta na lissafi tana shigarwa. Hasken rana na sauka ta tsakanin ganye yana yawo a fuskar tsohuwar, har wani lokaci Auta ta rasa ko da ita ake magana ko da wani da ke tsaye bayan bishiyar. Wasu sun shige wa Mama duhu. Ta ce a rubuta musu talatin-talatin, wa zai sani? Auta ta ƙi. Mama ta ce gaskiya ba ta inuwa, amma ta bar ta. Goma sha tara suka rage babu shekara.

Ran Lahadi da la'asar suka kai bakin katanga, inda wata tsamiya ta baje, babu ƙarfe a jikinta.

"Wannan ba ta da lamba, Mama."

"Ina za ta samu? Ni na dasa ta, ina jiran shi ya tashi aiki, kafin a haifi kowa a cikinku. Bai taɓa sani ba. Yana ta yabon tsuntsaye, wai su suka yar da irin."

Auta ta gwada shigar da ita, manhaja ta ƙi: sai an faɗi ma'aikacin da ya dasa. Ta zauna kan saiwar, ta buɗe jimlar nan tata, ta goge ta. Ta faɗa wa tafinta cewa bishiya na iya tsayawa ko babu kowa a bayanta. Sannan ta shigar da tsamiyar da shekarunta.

Da safe masu fenti suka zo. Goma sha tara suka sha ja. Mai gwangwanin ya tsaya gaban tsamiyar, ya duba takardarsa, ya ɗaga kai ya dubi rassan, ya wuce. Mama na zaune a inuwar ta cire takalmi, tana ɗinki.