Ratar Gwiwa a Sulken Korau

Mafarkin da na yi daren jiya da wata ƙara ya fara. Kwal, kwal, sai a yi shiru, sai kuma kwal, kamar wani yana ƙwanƙwasa ƙofa daga cikin tulu. Na ce, "Wane ne?" Ƙarar ta ce, "Malam Korau, lokacin awo ya yi."

Na san awon da ake nufi. A garinmu akwai wata ƙungiya, Dakarun Bayan Wata, masu ƙera sulke irin na mayaƙan sararin sama da ake nunawa a fim, su sa su yi fareti ranar biki. Ba sa karɓar mutum sai sun duba sulkensa daga kwalkwali har takalmi. Ni kuwa tun damina nake fama da nawa. Duron ruwa na roba na yanka na yi ƙirji da baya, bokiti ya zama kwalkwali, tiyon injin ban-ruwa ya zama abin numfashi. Duk zuwan da na yi sai su komo da ni: yau kafaɗa ta sauka, gobe fenti ya yi haske, jibi rata ta yi yawa a gwiwa. Taubashina Mato mai shayi, wanda ko ƙusa bai iya bugawa ba, tuni suka karɓe shi. Kullum na zo teburinsa sai ya sara mini da ludayi. Ranar da abin ya ishe ni na rantse a gaban jama'a: ko in tsaya kusa da shi a faretin bana, ko in bar zama a bencin nan har abada. Bencin da na tsufa a kansa.

Na tashi, sai na ga ashe ina sanye da sulken. Na fita. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama. Mutane sun juya laimominsu sun shiga ciki suna tuƙawa kamar kwalekwale. Ruwan ya bi ta ratar gwiwata, ya hau cinya, ya taru a kwalkwali. A bakin hanya wata mata tana soya mai a cikin ƙosai. Na tambaye ta ofishin ƙungiya.

Ta ce, "Gobe ka wuce shi. Juya baya ka tsaya, zai zo ya same ka."

Na juya baya na tsaya. Ofishin ya zo da gudu ya buge ni a ƙeya, ko sannu babu.

A ciki wata jar akuya mai tabarau ce zaune a bayan tebur, tana tuƙa. Ita ce mai awo. Ba ta amsa sallamata ba sai da ta haɗiye.

Ta ce, "Baba, tsaya sosai. Daina numfashi, yana ɓata mini awo."

Na daina. Ta zagaya ni, ta shinshina tiyo, ta ɗan ɗanɗana madaurin kafaɗa. Da ta iso gwiwa sai ta cusa kunnenta a tsakanin robar cinya da robar ƙwauri. Kunnen ya shige har gindinsa.

"Dokarmu, rata ba ta wuce faɗin kunne," in ji ta.

Na ce, "To ai ga kunnen ya zauna daram."

Ta kira wata ƙaramar akuya mai guntun kunne. Wannan ta cusa nata, ya yi lilo a ciki.

"Ka gani? Ta yi yawa."

"Hajiya, kunnen wa doka take nufi?"

"Na wadda ta auna daga baya."

Raina ya ɓaci har ruwan cikin kwalkwali ya fara tafasa. Na ce mata da gangan na bar ratar nan. Ni ɗan mutane ne, ban taɓa gai da na gaba da ni a tsaye ba. Duk wandon da aka taɓa ɗinka mini sai na tsuguna a gaban tela na gwada shi kafin in karɓa. Mutumin da zai je bayan wata, in ya tarar da dattawan can fa? Ya tsaya musu ƙiƙam kamar turken wuta?

Ta ce, "A kai shi gyara."

Sai ga ni kwance a kan benci a wata rumfa. Mai gyaran kuwa wani ƙadangare ne, da tsumma a kafaɗa da magagari a hannu. Na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce robar ƙwauri za a ƙara wa tsawo kaɗan, a sassauta madaurin baya, shi ke nan. Duk abin da na faɗa sai ya gyaɗa kai. Na ji daɗi, na ce yau na samu mai hankali.

Ya ce, "Sulken lafiyarsa lau, Baba. Kai ne ba ka yi masa daidai ba."

Kafin in buɗe baki ya naɗe mini hannun hagu sau biyu kamar hannun riga, don ya yi wa robar tsawo. Ya kama tumbina ya juya shi baya, ya ce can akwai wuri. Ya goge ƙashin kafaɗata da magagari har ta daina sauka. Ba zafi, sai dai takaici. Ni da na kwana nawa ina gasa roba a kan garwashi ina lanƙwasawa don ta bi jikina, yau jikina ake lanƙwasawa ya bi roba.

Na ce, "Kai, ɗan nema! Gyaran sulke na zo, ba gyaran halitta ba!"

Ya gyaɗa kai. Sannan ya sa filaya ya kwance gwiwoyina duka biyu, ya jefa su a kwanon sha, suka yi ƙwal-ƙwal kamar goriba. Cinya ta sauko ta haɗe da ƙwauri. Roba ta sumbaci roba. Ko allura ba za ta shiga ba.

"Babu gwiwa, babu rata," in ji shi. "Riƙe kwanonka, kada kaji su tsince."

Na fito ina tafiya kamar almakashi, kwano a hannu. A dogon zauren da ke kaiwa wurin shugaban ƙungiya na tarar da Mato. Yana zaune a kan hayaƙin butarsa, daga shi sai singileti da gajeren wando, ya kifa matacin shayi a ka.

Ya sara mini da ludayi. "A'a, bawana! Ina za a kai goriba?"

"Uban wa ye bawanka? Mato, ina sulkenka?"

"Ga shi a jikina."

"Ba komai a jikinka sai tsatsar shayi."

"To ka nuna mini rata a ciki."

Na duba sama da ƙasa. Gaskiya babu rata. Na ɗaga ƙafa zan shure shi, ƙafar ta tafi gaba ɗaya kamar sanda ta dawo ba ta taɓa kowa ba. Ya yi dariya har butar ta yi tari.

Ya ce, "Yi sauri, motar zuwa duniyar wata ta kusa tashi jiya. Na riƙe maka wuri kusa da ni, amma wata tunkiya tana ta tambaya."

Ɗakin shugaba ba shi da rufi, don ruwan sama ya samu hanyar fita. Shugaban wani tsohon bunsuru ne mai gemu har ƙasa, yana kan kujera mai juyawa, warin jikinsa na zaune a kujera ta biyu. A ƙasar nan, in an karɓi mutum, shugaba ne ke lasar ƙirjin sulkensa sau ɗaya. Lasar nan nake nema tun damina.

Jar akuya ta sake aunawa. Ta gwada kunnenta, bai shiga ba. Ƙaramar ta gwada, bai shiga ba. Aka kawo wata jaririyar akuya da aka haifa da safe, nata ma bai shiga ba. Suka yi guɗa. Bunsuru ya fito da harshe, ya matso har ina jin ɗuminsa a kan roba. Sai ya tsaya.

Ya ce, "Wannan ya gaishe mu kuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, barka da hutawa."

"Wa ke magana a sama?"

Akuya ta raɗa mini, "Tsuguna, Baba. Ba a gai da shugaba a tsaye. Kai ba ɗan mutane ba ne?"

Na yunƙura. Na sake yunƙurawa. Sulke ya yi ƙara, tumbina ya motsa a baya, amma ƙafafun nan ko gezau. Na yi gumi, gumin ya hau sama.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da me zan tsuguna? Ku kuka sa aka cire!"

"Mu rata muka ce a cire."

"Ai ratar ita ce tsugunon! Na faɗa wa wannan mai tabarau! Na faɗa wa wancan mai gyaɗa kai! Tsofai-tsofai da ni, kun naɗe mini hannu, kun mayar mini da ciki baya, kun goge ni kamar ƙotar fartanya, yanzu kuma ni ne marar ladabi?"

Bunsuru ya juya ga warinsa, suka yi shawara. Ya ce, "Wanda bai tsuguna ba bai gaishe mu ba. Wanda bai gaishe mu ba bai shigo ba. Korau bai zo awo ba yau. Abin kunya, dattijo da saɓa alkawari."

"Ga ni nan tsaye a gabanka!"

"Shi ne matsalar," in ji akuya.

Don haushi na yi jifa da kwanon. Gwiwoyina suka gangara har gaban kujera. Suka tsaya, suka karkaɗe jiki, suka tsuguna tare, tsugunon da na koya musu tun ina yaro, suka ce, "Ranka ya daɗe, mun same ku lafiya?"

Hawaye ya zubo wa bunsuru ya hau goshinsa.

Ya ce, "Kun ga 'ya'yan mutane. Kuma ku duba, ko rata babu."

Ya lashe su ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo musu 'yan kwalkwali na gwangwanin tumatir. Ina ji ina gani aka ɗora su a bayan wata tsohuwar a-kori-kura mai fukafukan langalanga, aka zaunar da su kusa da Mato, a wurina. Ya zuba musu shayi.

Na yi ihu, "Ku sauko, munafukai! Shekara nawa ina shafa muku man zafi!"

Ta dama ta kau da kai. Ta hagu, wadda dama ita ce mai ciwon, ta ɗaga mini hannu. Motar ta tashi da baya ta nufi wata. Na bi ta da gudun almakashi, na faɗi a miƙe kamar azara, ruwa ya ɗauke ni ya yi sama da ni, kwalkwalina yana bugun gindin motar. Kwal. Kwal. Kwal.

Na buɗe ido. Gari ya waye. A tsakar gida akuyar matata Delu ta cusa kai cikin bokitin kwalkwalina, ta kasa fitarwa, tana ta karo da bango. Na shafa ƙafafuna. Gwiwoyin suna nan, ta hagu tana ciwo kamar kullum. Ban yi musu magana ba.

Na fita na zare wa akuyar bokiti. Ta dube ni, ba tabarau, amma kallon dai shi ne. Sulken yana jingine a gindin rumbu inda na bar shi. Jiya da la'asar na ɗinke robar cinya da ta ƙwauri da waya, na ɗaure tam, kamar yadda 'yan ƙungiya suka ce. Yau da hantsi ne awo. Delu tana shara, ta zagaye shi kamar kabari.

Maƙwabcina Jatau ya leƙo ta kan katanga, asuwaki a baki. Ya daɗe yana kallon ƙafafun sulken, miƙaƙƙu sambal kamar bututun rijiya. Ya cire asuwakin, ya tofar.

Ya ce, "Malam Korau, wai in ka shiga cikin abin nan, da me za ka tsuguna?"