An Tayar da Injin Ruwa Tana Kwance

Abu ɗaya Injiniya ta roƙa kafin ta tafi asibiti: ranar da za a tayar da injinan ruwa, a kira ta. Ko a kwance take, a kira ta. Ita ce shugabar aikin gina tashar da za ta tura ruwa zuwa unguwannin kan tudu. Ta raini aikin tun yana zane a takarda har ya zama gini mai rufi da bututu, sai da aka zo gab da ƙarshe likita ya ce yanar da ke idonta ba za ta ƙara jira ba. Ranar gwajin kuwa ba wanda ya san ta, domin tana hannun masu haɗa wuta, mutanen da in sun ce maka gobe, sai dai ka ce Allah ya kai mu.

Da can ba sai ta roƙi a kira ta ba. Wayarta ba ta hutawa, don komai a kanta yake: wane bututu ne ya bi ta ina, wane ɗan kwangila ake lallaɓawa, wane ne sai an ɗaga masa murya. In ta shiga banɗaki, aiki ya tsaya. Tana ƙorafi a baki, amma kada ku biye mata, daɗi take ji. Matar da mijinta ya rasu, ɗanta tilo yana aiki a wani gari mai nisa, take dawowa gida ta tarar da kujeru yadda ta bar su, ai kiran waya ko na matsala ne baƙo ta yi.

Zazzaɓi ne ya fara tona asirin. Ya kwantar da ita, motar kankare ta zo ta tsaya har kayan suka daskare a ciki, saboda ba wanda ya san inda za a fara zubawa. Ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba. Tana warkewa ta kafa doka: kowane aiki, komai ƙanƙantarsa, sai mutum biyu sun san shi. Mai wuta ya koya wa mai famfo, mai famfo ya koya wa mai sito. Kowace safiya a ƙarƙashin rumfa wani zai tashi ya yi wa sauran bayanin abin da ya iya, ita kuma ta naɗe hannu ta ja bakinta. In an tambaye ta sai ta ce, "Wa kuma ya sani?" Amsar tana kan harshenta tana mata ƙaiƙayi, amma haka take haɗiye ta.

Don haka ko saƙon nata ma mutum biyu ta damƙa wa: Dogo mai wuta, da mataimakiyarta da ake ce wa Mai Gilashi.

"Ranki ya daɗe, ko goya ki ne sai mu yi," in ji Dogo. "Ai ba a yi ba ke."

Aka yi aikin ido lafiya. Ta dawo ɗaki, labule a sake, ido ɗaya a rufe da bandeji, ɗayan yana ganin duniya dishi-dishi. Likita ya hana ta sunkuyawa, ya hana ta karatu. Ƙanwarta takan zo da safe ta ɗiga mata magani, ta ajiye abinci a kula, ta koma wurin 'ya'yanta. Daga nan sai ita da fanka.

Wata safiya ta ce wa ƙanwar, "Duba min wayar nan, ko ta mutu ne."

"Yaya, da ranta. Jiya ma kin sa na duba. Ki bar mutane su yi aikinsu mana, ba ke kika koya musu ba?"

Ita ta koya musu, ba ƙarya. Amma ta zaci za a ɗan riƙa tuntuɓe, a ɗan riƙa nemanta. Shiru. Ta sa ƙanwar ta goge mata takalmin aiki ta ajiye a bakin ƙofa, don kada a kira ta tsaya nema. Ta haddace ƙarar unguwar kaf: motar shara, ƙofar maƙwabci mai kuka, yaran makaranta in an tashi.

Wata ranar da hantsi wayar ta yi ƙara. Ta lalubo ta har tana ture kofi. Darakta ne, wanda take aiki a ƙarƙashinsa.

"Injiniya, barka! Barkanmu! Jiya na ga abin da ya faranta min rai. Ruwa ya hau tudu."

Ta ce, "Jiya?"

"Jiya da rana. Na tambaye ki aka ce ido. Amma kin san abin da ya fi burge ni? Wallahi ba wanda ya lura ba kya nan. Kowa ya san abin da zai yi. Wannan shi ne shugabanci. In kin warke, so nake ki zagaya sauran ayyukanmu ki koya musu."

Ta yi godiya yadda ya kamata, har da 'yar dariya. Da ta ajiye wayar sai ta tuna likita ya ce kada ruwa ya taɓa idon, ta rasa ko hawaye yana cikin lissafinsa.

Da la'asar suka zo su biyu, da ledar lemo, suna raɓe-raɓe a bakin ƙofa. Mai Gilashi ta durƙusa gefen gado.

"Anti, ki yafe mana. Wallahi na ɗauka Dogo ya kira ki. Da ban gan ki ba, na ce ko likita ne ya hana."

"Ni ma haka," in ji Dogo, murya ƙasa-ƙasa. "Na ce ai Mai Gilashi ba ta mantuwa."

Ta so ta yi faɗa. Ta nemi wanda za ta kama, ta ga kowannensu ya yarda da ɗan'uwansa ne, abin da ta sha wuya kafin ta cusa musu. Sai ta ce, "Inji na biyu fa? Bai ba ku wahala ba?"

Nan fuskar Dogo ta washe. Ya ce ya ba su wahala kam, iska ce ta shiga bututu. Mai famfo yana can kan tudu, shi Dogo ya buɗe ya fitar da ita kamar yadda aka nuna masa a rumfa. Ta tambayi tanki, sun duba. Ta tambayi ɗan kwangilar nan mai taurin kai, Mai Gilashi ta riga ta gama da shi. Duk ƙofar da ta taɓa, a rufe take da kyau.

"Mun ɗauko miki bidiyo," in ji Mai Gilashi, ta miƙo waya, sannan ta tuna da idon ta yi sororo.

"Kawo nan. Kunnena ai ba a yi masa aiki ba."

Ta kara wayar a kunne. Ga ihun mutane, ga tafi, a ƙarƙashinsu ga rurin injinan. Ta sa aka maimaita. Ba murna take saurare ba, laifi take nema: ɗan ƙwanƙwasa, ɗan karkarwa, wani abu ƙarami da ita kaɗai za ta ji, ta ce gobe ku zo ku ɗauke ni. Ta san abin da take yi, ta kuma ji kunyar kanta. Injinan suna tafiya sumul.

Ta mayar da wayar. "Lafiyarsu ƙalau. Kun yi ƙoƙari. Ku tafi kada ku rasa mota."

Suka yi mata sannu suka ja ƙofa. Tana jin takunsu a matakala. Can ƙasa Dogo ya faɗi wani abu game da jiya, Mai Gilashi ta fashe da dariya har tana tari. Injiniya ta ɗago kai daga matashi, ta kasa kunne ko za ta ji mene ne abin dariyar, amma sun riga sun kai titi.