Bindigar Baba Tankari Ta Sa Rigar Fata

Da matata Mas'uda ta haihu a wani asibiti a nan Panyu, wata unguwa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ta gama kallon fuskar 'yar, ta juyo ta dube ni. Na ɗauka shayi za ta nema. Sai cewa ta yi, "Baba zai harba ko?"

Surukina, Baba Tankari, maharbi ne ɗan maharba a wani ƙauye kusa da Tudun Wada. A gidansu, duk jikan da aka haifa, da safiyar suna sai ya fito ƙofar gida ya ɗaga bindiga sama ya yi harbi ɗaya, gari ya san an ƙaru. Ya yi wa 'ya'yan yayyenta duka. Ita kuwa Mas'uda ga ta a Guangzhou da haihuwar fari, ba uwa, ba gwaggo, ba mai dama mata kunun kanwa sai ni da ba na iya bambanta kanwa da gishiri. Wannan harbin kaɗai take jira daga gida, ko ta waya ne ta ji shi.

Na ce mata, "Zai harba mana." Na faɗa ne da bakin wanda bai san abin da ake ciki ba.

Da na kira Yaya Shitu, babban wanta, sai na ji labari. Kafaɗar Baba ta daɗe tana ciwo. Bindigarsa irin wadda ake jan hannunta baya a tura gaba ce kafin kowane harbi, da lasisinta da komai, amma hauri gare ta ba na wasa ba. Shi ya sa bara Shitu ya saya masa sabon gindi daga wani dila a Kano, mai sifirin a ciki, wanda idan an harba yake nutsewa ya shanye haurin kafin ya isa kafaɗa. To, watan jiya Baba ya harba a gona, bindigar ta haure shi har sai da aka yi ta gasa masa hannu da ruwan zafi. Surukata Inna Jumai ta rantse ba zai sake harbi ba, Shitu ya yi na sunan. Baba kuma ya ce idan ba shi ba, to kada kowa ya taɓa masa bindiga, a yi suna shiru.

Mas'uda tana jin wannan ta juya ga bango tana hawaye. Raina ya ɓaci matuƙa, na rasa da wa zan yi faɗa.

Ni sana'ata kayan gyaran babura. Shekaru ina loda sifirin a kwantena zuwa Kano, kuma sifirin dai sifirin ne, ko a babur ko a bindiga. Na ce wa Shitu mu bi abin daki-daki.

"Ƙusar da ta riƙe gindin, a ɗaure take?"

"Tam."

"Ba a juya sifirin ɗin baibai ba?"

"Dilan ne ya haɗa da kansa, a gabana."

"Tsatsa fa? Ko yashi ya shiga?"

"Ghali, Baba yana goge bindigar nan fiye da yadda yake goge fuskarsa."

"Harsashin bai sauya ba?"

"Wanda ka sani ne."

Na ce ya turo hoto. Ya turo. Ga gindi baƙi wul, sabo fil, rabi yana shiga cikin rabi, ba abin da ya same shi. Na ɗauki hoton na nufi masana'antar da nake sayen sifirin, wurin mai ita, wanda muke kira lawban, wato oga. Mutum ne mai fara'a, kullum sai ya dafa min shayi. Na ce nihaw, wato sannu, na miƙa masa waya. Yana ganin bindiga ya janye hannu kamar na miƙa masa garwashi.

"Meyo! Meyo!" Babu ke nan. Ya tura min wayata, ya leƙa ƙofa, ya sake cewa meyo. A ƙasar nan ko zancen bindiga ba a so, ni ma gangancina ne. Ranar ko shayin ban samu ba.

Ana jibi suna na ce wa Shitu hoto ya isa haka, ya je ɗakin Baba ya nuna min bindigar ido da ido. Ya yi ta 'yan kame-kame, daga baya ya kunna bidiyo ya ɗauko ta daga bango.

Na ce, "Yaya Shitu, mene ne wannan?"

Gindin bindigar duka, daga sama har ƙasa, an lulluɓe shi da jar fata, an ɗinke ta tsam da tsirkiya, ga ado na kore da baƙi, ga layu uku a jere. Aiki ne mai kyau, wallahi, badukun da ya yi shi ya iya. Sai dai fatar ta bushe ta kama rabin sama da rabin ƙasa ta mai da su abu guda.

"To hoton da ka turo min fa?"

"Na ranar da aka sayo ne."

Na ce ya dafa gindin a bango ya danna da ƙarfi. Ya danna har da nishi. Ko motsi bai yi ba. Ashe Baba na ganin baƙar roba tsirara a jikin bindigarsa ya ce wannan rashin mutunci ne, ya kai wa baduku ya yi mata riga kamar yadda aka yi wa ta ubansa da ta kakansa. Layun ma na uban ne.

Na ce, "Ai shi ke nan, an gano. Ka gaya masa a yanke fatar."

Shitu ya yi dariya. "Ni? Kai da ka gano, kai za ka faɗa."

Nan fa ake yin ta. Ni tunda na auri Mas'uda ban taɓa haɗa ido da Baba Tankari ba. Gaisuwa ce a durƙushe, kai a ƙasa, ya ce madalla, in tashi in ba shi wuri. Yanzu a ce ni zan buɗe baki in gaya wa mutumin da ya riƙe bindiga tun ba a haifi uwata ba cewa shi ya ɓata abinsa? Na kwana da abin a raina, na tashi da shi.

Washegari da la'asar ɗinmu, hantsinsu, na sa babbar riga, na jingina waya a kan kujera, na durƙusa a gabanta a kan tayil. Mas'uda tana kan gado da jaririya, tana danne dariya. Baba ya bayyana a zaune kan tabarma, bindigar a cinyarsa, Inna a tsaye daga baya ta riƙe ƙugu.

Na yi gaisuwa mai tsawo, na tambayi gona, na tambayi dabbobi, na tambayi har waɗanda ban sani ba. Da gaisuwa ta ƙare min, sai na jawo sifirin ɗin babur da na ajiye a gefe.

Na ce, "Yaya Shitu, dama wani kaya ne nake so ka gani." Na dafa shi a ƙasa na danna, ya nutse ya dawo. Sannan na ɗauko wani da na sa a cikin guntun bututu na naɗe da salatif tun daga sama har ƙasa. Na danna, ya ƙi. Na sake dannawa, ya ƙi. Na ce, "Ka ga wannan lafiyarsa ƙalau. Rigar ce ta matse shi."

Ina jin kukan zakara daga can ƙauyen.

Baba ya dubi bindigarsa, ya shafa fatar, ya ce, "Shitu, yaron nan da kai yake magana ko da ni?"

Na ce, "Allah ya ba Baba haƙuri."

"Wato na ɗaure bindigata da hannuna, ta rama a kafaɗata."

Inna ta ce, "Sai yau ka ji."

Ni dai kaina na ƙasa, ina ƙirga layin tayil. Can Baba ya ce layun ubansa ba za su bar jikin bindiga ba, ko kafaɗar za ta cire. Sai na ji ya ce, "Amma ka tambaye shi, daidai ina ne take numfashi?"

Na ɗago da sauri na nuna wa Shitu mahaɗar, wurin da rabi ke shiga cikin rabi. Baba ya zaro wuƙarsa, ya zagaye fatar a hankali, ya cire zobe guda mai faɗin yatsu uku. Riga ta zama biyu, layu suna nan inda suke. Ya ɗiga man keke a mahaɗar, ya dafa gindin a ƙasa ya danna. Ya nutse, ya dawo.

Inna ta ce ba ta yarda ba sai ta gwada da kanta. Ta karɓa ta danna a jikin rumbu, ta sake dannawa, ta taɓe baki ta ce, "To, a yi gwaji da harsashi mu gani."

Baba ya ce, "Ba a gwaji. Harbin farko na jaririya ne."

Ranar suna gidanmu ya cika taf. Mutanen Kano daga unguwar Sanyuanli, 'yan zangon Ghana masu harkar jirgin ruwa, Harouna ɗan Maraɗi da tukunyar shinkafarsa, matansu sun kewaye Mas'uda. A can gida aka yanka rago, liman ya raɗa suna Halimatu Sadiya, muka shafa fatiha tare ta waya. Harouna ya haɗa wayar da lasifika ya ƙure murya.

Baba ya fito ƙofar gida cikin rigar maharba. Ya ja hannun bindigar baya, ya tura gaba, ya kafa ta a kafaɗar nan mai ciwo. Mas'uda ta damƙe hannuna har ya yi min zafi.

Ƙarar ta cika ɗakin. Jaririya ta tsala kuka, mata suka rangaɗa guɗa a can da nan. Ni idona na kan kafaɗar. Baba ya sauke bindiga, ya juya hannun gaba, ya juya baya, ya ɗaga shi sama har ƙarshe. Sai ya washe baki, ya sake jan hannun bindigar.

Inna ta ce, "Malam! Ɗaya ake yi!"

Ya harba na biyu.

Sannan ya matso da fuskarsa dab da wayar har hancinsa ya cika ta, ya ce, "Mas'uda, kina ji na? Na farko na Sadiya ne. Wannan naki ne, da kika haihu a can ke kaɗai. Sannu da ƙoƙari, 'yata."

Mas'uda ta rungume 'yar tana kuka tana dariya, tana ta gyaɗa wa wayar kai.