Zuciyar Mardiyya Ta Yi Tauri

Da 'yata Mardiyya ta haihu a Gashuwa, jininta bai sauka ba. Yayata Bintu ce ta je yi mata zaman jego. Da hannuna na damƙa mata maganin hawan jini, na roƙe ta kada a ba yarinyar kanwa. Ta ce, "Dunoma, 'yarka 'yata ce."

Kafin arba'in, ƙafafun Mardiyya suka kumbura, numfashi ya yi mata wuya. Na kwaso su zuwa asibiti a Nguru.

Likita ya ɗora wa Mardiyya na'urar hoton zuciya a ƙirji, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Baba, zuciyar tana matsawa, amma ta yi tauri, ba ta saki ta cika da jini. Tana shan maganinta?"

Na ce, "Kullum."

Mardiyya ta sunkuyar da kai. "Gwaggo ta ce zai ƙafar da nono. Kunun kanwa take dama mini."

Yaya Bintu ta gyara mayafi. "Da shi Inna ta yi jegonka, ga ka nan da ranka."

Na karɓi jikana daga hannunta. Ita kaɗai na saka a motar Gashuwa, na ce ta je ta kwashe kayanta, zaman jegonta ya ƙare.