Ƙofar Injin Afrakoma

Afrakoma tana durƙushe a kicin, rabin jikinta a ƙarƙashin injin wanke kwanuka, tana kankare manjan da mijinta Boakye ya zuba wa sifirin ɗin ƙofar. A Kumasi duk abin da ya yi ƙara manja ne maganinsa. Ƙarar dai ba ta tafi ba, sai tururuwa da suka samu gidan biki.

Ƙarar nan ce ke tona mata asiri. Da ta ja ƙofar sai ta yi ƙiii kamar an taka akuya, surukarta Maame Dufie ta fito daga ɗaki.

"Mace da hannunta biyu, ƙarfe ke wanke mata kwanon sakwara," haka take faɗa kullum.

Hannuwan Afrakoma kuwa duk sun tsattsage, sabulun asibitin da take aikin jinya ya cinye su. Ba wanda ya taɓa tambaya.

Boakye ya tsaya a bakin kicin yana sosa ƙeya.

"Afra, Maame ta ce in kira wanda zai sayi injin ranar Asabar. Ki gyara ya yi shiru, sai in ce mata mun daina amfani da shi. Ki riƙa kunnawa idan ta tafi coci."

"Miƙo min giris."

Ta zare sifirin biyun daga ƙugiyoyinsu, ta wanke su da kananzir, ta shafa giris duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, ta mayar. Ta ɗaure murfin ƙasan. Da ta ja ƙofar, sai ta sauko a hankali, ko motsinta ba ka ji.

"Yawwa," in ji Boakye. "Yanzu ba za ta taɓa sani ba."

Afrakoma ta juyo ta dube shi. Wato ita ce za ta koma ɓarauniya a kicin ɗinta, tana laɓe-laɓe da kwanukan da kowa ya ci a ciki? Ranta ya yi mummunan ɓaci.

Ta goge hannu, ta shiga falo inda tsohuwar ke zaune.

"Maame, kin gama da kwanonki? Kawo, inji zan kunna."

Maame Dufie ta dubi ɗanta. Shi kuma ya dubi silin.

Afrakoma ta ɗauki kwanon, ta sa a inji, ta danna, ta bar kicin a buɗe don kowa ya ji ruwa na gudu.

"Boakye," ta ce, "ranar Asabar ba ni da aiki. Idan mai sayen ya zo, ni zai tarar."