Awa Ɗaya a Gatsemani

Ni fa ban taɓa sa ran ganin Urushalima ba, kujerar ta babana ce. Shekara talatin da huɗu Baba Istifanus yana wa'azi a ɗan cocinmu na masu jin Hausa a unguwar Biafra da ke Treichville, sai da ido ya mutu, ƙafa ta ƙi, sannan jama'a suka tuna su haɗa masa guzurin ziyara. Ka ji aikin mutanenmu! Shi kuwa ya ce a ba ni.

Ranar da zan tafi ya kama hannuna. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Salamatu.

"Uwata, ba na son hula, ba na son ruwan kogin Urdun. Idan kin isa lambun Gatsemani, inda Ubangiji ya yi addu'a kafin a kama shi, ki zauna awa ɗaya. Ki rufe ido kamar ni. Ki dawo ki faɗa mini abin da kunne ya ji."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

To amma ni 'yar kasuwar Adjamé ce, atamfa nake sayarwa bayan Mairie, ofishin magajin gari. Hajiya Haulatu, maƙwabciyar shagona, mutuniyar Maraɗi, da ta dawo Makka ba wanda bai sha zamzam ba a layinmu, har ni arniyarta, kamar yadda take tsokanata. Ta ce, "Salamatu, wanda ya dawo ba tsaraba, bai je ba." Matan zumunta na cocinmu kuma kowace da saƙonta: man zaitun, gicciyen itace, gyale. Na ce ba ni za a yi wa dariya a Treichville ba.

Mun je Baitalami, na yi kuka. Mun shiga Urdun, na yi waƙa har muryata ta dishe. Gatsemani sai rana ta ƙarshe. Muna sauka daga mota na hango wani mai tebur da kwalaben mai jere, ga shi saura mutum goma sha wani abu ban sama musu ba. Na ce wa 'yan rukuninmu su shiga, ga ni nan zuwa. Mutumin ya faɗi kuɗi, jinin kasuwa ya motsa. Ni za a cuta? Na taya, ya ƙi, na yi kamar zan tafi, ya kira ni. Allah ya sani, daɗi nake ji. Ban ankara ba sai ganin mutanenmu na yi suna fitowa, Rahamatu sarkin surutu tana share hawaye. Direba ya danna ham. Ta tsakanin ƙarafan shinge kawai na leƙa tsofaffin itatuwan.

Da na dawo, kur ɗinmu, wato tsakar gidanmu, ta cika maƙil. Aka yi guɗa, aka raba tsaraba, Hajiya Haulatu ta ce na fita kunya. Baba yana kan kujerarsa, sai da aka watse ya kira ni.

"Uwata, zo ki ba ni nawa."

A jirgi na shirya ƙarya tsaf: iska, kukan tsuntsaye, ƙararrawa daga nesa. Na durƙusa, na buɗe baki, sai na ga yadda ya karkato kunne yana murmushi kamar yaron da za a ba alewa. Ƙaryar ta maƙale.

"Baba, ban shiga ba. Ina bakin ƙofa ina ciniki."

Da ma zagina ya yi, da na samu sauƙi. Sai ya lalubo kaina ya dafa.

"Kada ki yi kuka. Su Bitrus, almajiran Ubangiji ma, awa ɗaya aka roƙe su a wurin nan, suka yi barci."

Kafin Ista muka binne shi. Har ya tafi bai sake tambayata komai game da tafiyar ba.